Haɗe imel ɗin jami'a wuri guda: ta ina ake farawa?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ga wata matsala ina so mu baje ta. A ƙaddara jami'a ce mai ma'aikata 3,000 da ɗalibai 25,000. Cibiyar kwamfuta tana da sabarta, wato kwamfutar da ke riƙe da akwatunan imel, mai manhajar Zimbra, tsangayar likitanci tana da tata mai manhajar Exchange ta Microsoft, ɗakin karatu da makarantar digiri na biyu suna kan sabar haya mai manhajar cPanel, wani sashe kuma ya buɗe Google Workspace da kansa a kan ƙaramin domen ɗinsa, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshi. Hukuma ta ce a mayar da su duka wuri guda, kowa adireshinsa ya ƙare da sunan jami'a kawai. Me za a fara, me za a bari sai ƙarshe?

Injiniya Auwal: Wa alaikumus salam, Malam. Na ƙarshe shi ne MX, wato bayanin da ke nuna wa duniya sabar da za a kai wa saƙon jami'a, kada a taɓa shi sai komai ya kammala. Na farko shi ne ƙidaya, kuma ba ta akwatuna kaɗai ba. A fito da duk bayanan DNS na babban domen, wato rajistar da ke haɗa sunan domen da sabobinsa, a zare kowane MX da kowane layin rubutu na TXT mai farawa da v=spf1, wato SPF, jerin sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunan domen, nan za a ga ƙananan domen da aka manta da su. Sannan a kowace saba a fitar da jerin akwatuna da girmansu da ranar da aka shiga na ƙarshe, da laƙabai, wato ƙarin adireshin da ke kai saƙo akwati guda, da dokokin tura saƙo gaba, da adireshin rukuni. Abu na uku, wanda aka fi tsallakewa, shi ne na'urorin da ke aika saƙo ba mutum ba: fotal ɗin ɗalibai, Moodle, Koha na ɗakin karatu, OJS na mujallu, manhajar albashi, firinta mai sikana. A karanta rajistar sabar na wata guda a fitar da kowane IP, wato lambar na'ura a intanet, da ya aika saƙo ta cikinta.

Malama Binta: In ƙara a kan na Injiniya. Akwai hanyar da za a sa duniya ta yi maka wannan ƙidayar. A saka DMARC, wato bayanin DNS da ke faɗa wa masu karɓa yadda za su yi da saƙon da bai tabbata daga jami'a yake ba, da p=none tare da adireshin rua na karɓar rahoto, a bar shi mako huɗu zuwa shida. Google da Microsoft da Yahoo za su riƙa turo rahoton kowane IP da ya aika saƙo da sunan jami'ar, har da kamfanin da wani sashe ya ɗauka yana tura sanarwar taro ba tare da sanin cibiya ba. Matakin p=none ba ya hana saƙo wucewa, don haka babu hatsari.

Malam Sani: To ƙidaya ta kammala. Ina za a kai su? Hayar Google ko Microsoft, ko a gina babbar saba a harabar jami'a?

Dokta Lawal: Ni ina bayan saba a gida, ko da kuwa ni kaɗai ne. Saƙonnin majalisar jami'a, sakamakon jarrabawa kafin a fitar, takardun ladabtarwa, duk a ɗora su a hannun kamfanin waje da ke iya sauya sharaɗi ranar da ya ga dama? Google ya taɓa ba makarantu wurin ajiya mara iyaka, a 2022 ya mayar da shi TB 100 ga makaranta gaba ɗaya. Microsoft ma ya bi sahu a 2024. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasashen waje.

Injiniya Auwal: Ranka ya daɗe, maganar sauya sharaɗi gaskiya ce, amma mu yi lissafi. TB 100 a raba wa mutum 28,000, kowa zai samu kusan GB 3.5, kuma ba wanda ya ce a raba daidai. A ba ɗalibi GB 2, TB 50 ke nan, ma'aikaci GB 15, TB 45, an shiga. Sai dai a tuna ma'ajin fayiloli ma daga wannan kason yake ci. Ita kuwa sabar gida abin da take buƙata: saba biyu aƙalla, wuta da ba ta yankewa, wato janareta da inbata da batura, layin intanet biyu daga kamfanoni daban, IP na dindindin mai PTR, wato bayanin da ke mayar da IP zuwa suna, da ya dace da sunan sabar, matatar saƙonnin banza, kwafin ajiya a wani gini, da mutum biyu da za su iya tashi ƙarfe biyu na dare. Kuma toshe ɓaraka ba ya jiran hutu. A watan Maris 2021 an fasa dubban sabar Exchange a duniya ta ɓarakar ProxyLogon, a 2022 kuma aka yi wa Zimbra irin wannan. Exchange 2016 da 2019 ma tallafinsu ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025.

Malama Binta: Dokta, dubi Jami'ar Kambirij ta Ingila. A can Philip Hazel ya rubuta Exim a 1995, manhajar da har yau cPanel ke aika saƙo da ita. Sun riƙe nasu tsarin mai suna Hermes shekara da shekaru, ga ƙwararru ga wuta, amma a ƙarshen 2021 suka rufe shi suka koma Exchange Online, imel ɗin haya na Microsoft. Dokar 2023 kuma ba ta haramta fitar da bayanai ba, sharaɗi ta sa. Aikin lauyan jami'a ne ya duba yarjejeniyar sarrafa bayanai kafin a sa hannu. Sabar gida ma ba ta tsira daga dokar ba, in an fasa ta kuma bayanan mutane na cikin hatsari, awa 72 ke gare ka ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa.

Dokta Lawal: Kambirij ba ta biyan kuɗin intanet irin namu. In layin waje ya yanke, sabar gida za ta ci gaba da kai saƙo tsakanin ofis da ofis. Amma na ji. Sharaɗina ɗaya: domen da DNS su zauna a hannun jami'a, kuma a riƙa ɗebo kwafin akwatunan manyan ofisoshi ana ajiyewa a gida, don ranar da za a so fita.

Injiniya Auwal: Wannan sharaɗin ba mai musunsa. Ma dai tun yanzu a duba da wane adireshi aka yi rajistar domen ɗin edu.ng a wajen dillalin NiRA, ƙungiyar da ke kula da domen ɗin .ng. In Gmail ɗin wani ma'aikaci ne, ko adireshi ne da ke kan sabar da za a kashe, sanarwar sabuntawa ba za ta iso kowa ba, domen ya mutu, imel da fotal su tafi tare.

Hajiya Rabi: Kun yi nisa a zancen saba, alhali ba nan aikin yake cijewa ba. Wane ne wane? Wannan ce tambayar. Mutum ɗaya yana da akwati a Zimbra da wani a cPanel da wani a Exchange. Sannan ga musa@ a ɗakin karatu da musa@ a likitanci, mutum biyu ne daban, kuma adireshi ɗaya ne za a samu a babban domen. A jami'ar arewa Muhammad Sani ko Aisha Abubakar za su iya cika aji guda. Don haka ba a haɗa akwatuna da suna, sai da lambar ma'aikaci daga ofishin magatakarda da lambar rajista daga fotal. A gina tebur guda: lamba, cikakken suna, sabon adireshi, duk tsofaffin adireshi, sashe, matsayi. Duk akwatin da ba a samo mai shi ba a ware shi, kada a kwashe shi a makance.

Tsarin suna kuma a rubuta shi majalisa ta amince kafin a buɗe ko akwati ɗaya. Shawarata: sunan shiga ya zama gajeren abu da ba ya canzawa har abada, kamar haruffa uku da lamba, irin yadda Kambirij ke yi, sannan suna.sunanmahaifi ya zama laƙabi a kansa. In mace ta sauya suna ko an gyara rubutun sunan wani, laƙabi kawai za a ƙara. A cire alamar ɗauri a Sa'adu da Mu'azu da Asma'u, domin ko da ƙa'idar imel ta yarda da ita, fom da yawa a intanet suna ƙin karɓa. Lambar rajista mai sanda (/) a tsakani ma haka, a cire sandunan. Kuma adireshin da aka taɓa ba wani kada a sake ba wani, ko bayan shekara goma. Tsohon mai shi ya ɗaura shi a banki da ORCID, rajistar masu bincike, da mujallu, wanda ya gaje shi zai iya sauya masa kalmar sirri a duk waɗannan wuraren.

Malam Sani: Hajiya, ɗalibai fa? Babban domen ko nasu daban?

Hajiya Rabi: Nasu daban, ƙaramin domen a cikin asusu ɗaya. Kowa ya ga adireshi ya san ɗalibi ne, kuma in an sace akwatin ɗalibi aka watsa saƙonnin damfara, ba sunan babban domen ne zai fara ɓaci ba. Adireshin ofis kuwa, na shugaban jami'a da magatakarda da ma'aji da shugabannin sassa, kada su zama akwati mai kalmar sirri da sakatare da mataimaki ke rabawa. A yi su akwatin tarayya, kowa ya shiga da nasa asusun. A Exchange Online irin wannan akwatin ba ya cin lasisi har GB 50. In wa'adin shugaban sashe ya ƙare, a cire sunansa a sa na sabo, shi ke nan.

Nura: Gafara dai manya, akwai abin da zai tsayar da aikin tun ranar farko. Malam Sani ya ce wani sashe ya riga ya buɗe Google Workspace. Domen ɗaya ba ya zama a asusu biyu. Sai an kwashe saƙonninsu, an cire domen daga wancan asusun, sannan a ƙara shi a babban. A Microsoft kuma, in ɗalibai sun taɓa yin rajistar Office kyauta da adireshin jami'a, akwai yiwuwar an riga an samar da asusu mara mai kula a kan domen ɗin, sai an karɓe shi ta hanyar saka TXT a DNS. Haka nan wanda ya taɓa buɗe asusun Google na kansa da adireshin jami'a zai yi karo da sabon, akwai kayan aikin gayyatarsu su miƙa asusun kafin a ƙirƙiri sabo.

Injiniya Auwal: Madalla, Nura. Yanzu kwasa. Na Zimbra da cPanel ta IMAP za a bi, wato hanyar da manhaja ke karanta saƙonni suna zaune a kan saba. Kalmar sirri ba a tambayar mutane, a yi amfani da asusun shugaba: Dovecot, manhajar IMAP ta cPanel, yana da babban mai shiga da ke buɗe kowane akwati, Zimbra ma yana da makamancinsa. Kwasa zagaye uku ce. Na farko makonni kafin ranar sauyi, ya ɗebi kusan komai. Na biyu daren sauyi, ya ɗebi abin da ya ƙaru. Na uku bayan kwana biyu ko uku, ya tsinto ragowar.

Lissafin lokaci: layin Mbps 100 in ya cika maƙil yana ɗaukar kusan TB 1 a yini. In akwai TB 3, a takarda kwana uku ne, amma ba layi ne ke jan ƙafa ba, takunkumin mai karɓa ne. Gmail yana karɓar MB 500 kawai a yini ta IMAP a kowane akwati. Akwatin farfesa mai GB 10 zai ci kwana 20 in da imapsync, manhajar kwafar akwati ta IMAP, aka tura. Saboda haka manyan akwatuna a bi da su ta kayan kwasa na Google ɗin kansa, ko a fara su da wuri. Kayan kwasar IMAP na Microsoft kuma iyakarsa saƙo 500,000 a akwati, kuma yana tsallake saƙon da ya wuce MB 35. A fitar da jerin waɗanda aka tsallake a ba masu su.

Malama Binta: Hattara da imapsync: a fara da --dry a kan akwati biyar a karanta abin da ya ce zai yi. Zaɓin --delete2 yana goge duk abin da ke sabon akwati wanda babu shi a tsohon. In aka bar shi a zagaye na uku, bayan sabbin saƙonni sun fara sauka a sabon wuri, zai share su. Kuma in mutum yana da tsofaffin akwatuna uku da za a zuba a ɗaya, ba a amfani da shi kwata-kwata, kowane tsohon akwati a sa shi ƙarƙashin foldarsa. Wani abu: cPanel yana raba folda da ɗigo, sabon wuri da sanda, folda mai ɗigo ko sanda a sunanta takan rabe gida biyu. In daga Gmail ake ɗebowa, a tsallake foldar da ke tara dukkan saƙonni, in ba haka ba komai zai zo sau biyu.

Hajiya Rabi: Kuma a faɗa wa mutane ƙarara abin da IMAP ba ya ɗauka: kalanda, littafin adireshi, matatu, sa hannun ƙasan saƙo, amsar ba na nan. Kalanda a fitar da ita ICS, adireshi vCard ko CSV. Masu POP3, hanyar da ke sauke saƙo daga saba zuwa kwamfuta, su ne abin tausayi, saƙonninsu na shekaru ba sa kan saba, suna cikin fayil ɗin PST a kwamfutar ofis. Rahoto zai nuna akwatinsu fanko an kwashe lafiya, sai wani ya goge tsohon saitin Outlook. A gano su daga rajistar shiga ta tashar 110 da 995, wato lambobin ƙofar POP3 a saba, a bi su ofis ofis a kwafi PST ɗin tukuna.

Nura: Na Exchange ɗin likitanci kada a bi da shi ta IMAP in Microsoft za a koma, akwai hanyarsa da ke tafiya da kalanda da komai. Kuma a kwafi legacyExchangeDN na kowa, wato adireshin cikin gida da Exchange ke ba mutum, a saka shi a sabon akwati a matsayin adireshin X500. In ba a yi ba, duk wanda ya amsa tsohon saƙo na cikin gida zai ga ya dawo masa da kuskure mai farawa da IMCEAEX, alhali adireshin yana nan daram.

Malam Sani: Ba za a kwashe mutum 28,000 dare ɗaya ba. Yaya saƙo zai riƙa isa lokacin da rabi suna can rabi suna nan?

Injiniya Auwal: Ƙananan domen suna da sauƙi tunda kowanne da MX ɗinsa, a sauya su ɗaya bayan ɗaya, a fara da cibiyar kwamfuta kanta, sai ƙaramin sashe. Babban domen ne ke buƙatar raba isarwa: saƙo ya fara sauka wuri ɗaya, in ba a sami mai adireshin ba a miƙa wa ɗayan. Abin da ke lalacewa a nan shi ne kowane ɓangare ya ce wanda ban sani ba na miƙa wa ɗan'uwana. Saƙon da aka yi kuskuren adireshinsa zai yi ta safa da marwa har Postfix, manhajar miƙa saƙo, ya ƙirga zango 50 ya yar da shi. Dole ɓangare ɗaya ya zama mai yanke hukunci, shi ke riƙe da cikakken jeri, shi ke cewa babu wannan mutumin.

Ranar sauyi: in TTL na MX, lokacin da sabobi ke riƙe bayanin kafin su sake tambaya, daƙiƙa 86400 ne, wato yini guda, a sauke shi zuwa 300 kwana biyu kafin nan. A sauya MX, a sauya autodiscover, bayanin da ke nuna wa Outlook inda akwati yake. Tsohuwar saba ta ci gaba da karɓa tana miƙawa gaba har mako guda aƙalla, domin sabar da ta kasa isar da saƙo takan riƙe shi kwana huɗu zuwa biyar tana sake gwadawa, kuma wasu na'urori suna riƙe da IP ɗin tsohuwar a saitinsu. Lokaci kuma hutun ƙarshen zango, nesa da rajista da fitar sakamako da tantance sabbin ɗalibai.

Malama Binta: SPF na lokacin riƙon ƙwarya ya ƙunshi tsoho da sabo, amma a layi ɗaya. Layi biyu na v=spf1 kuskure ne, duka za su faɗi. Kuma iyakar tambayar DNS goma ce, kowane include da a da mx yana ci, har da waɗanda ke cikin cikinsu. Sabar gida a rubuta ta da ip4, ba ta cin komai. DKIM, wato sa hannun lantarki da ke tabbatar da asalin saƙo, a yi masa mabuɗi mai bit 2048, sai dai ya fi haruffa 255 da guntun TXT ɗaya ke ɗauka, dole a raba shi biyu cikin alamar zance, kuma nan ne ake yawan shigar da tazara a ɓata shi. DMARC ya tashi daga none zuwa quarantine, wato keɓe saƙo, sannan reject, wato ƙin karɓa, sai rahoto ya nuna ba sauran halastaccen mai aikawa da ke faɗuwa. Ƙananan domen da aka daina aikawa da su a sa musu v=spf1 -all. Wannan ba ado ba ne, tun Fabrairu 2024 Gmail ke buƙatar SPF da DKIM da DMARC daga mai aika masa saƙo 5,000 a yini, kuma fotal yana haye wannan a ranar fitar sakamako.

Nura: Fotal ɗin ma kada a haɗa shi da akwatin mutum. Akwatin Workspace saƙo 2,000 yake aikawa a yini, na Exchange Online mai karɓa 10,000 a yini da saƙo 30 a minti. A ajiye ƙaramar sabar Postfix a harabar jami'a, ta karɓi saƙo daga jerin IP da aka sani kawai, ta miƙa wa sabon tsarin. Tsofaffin firintoci da ba su san sabuwar hanyar shiga ba duk su bi ta nan.

Dokta Lawal: Kun ga dai an dawo ga saba a gida. To tambayata: malaman da suka saba tura komai zuwa Gmail ko Yahoo nasu, a bar su?

Malama Binta: A hana ma'aikata. Turawa gaba tana karya SPF, in mai aikawa yana da p=reject kuma DKIM bai tsira ba, saƙon ba zai isa ba. Ga shi takardun jami'a suna taruwa inda ba ta da iko.

Hajiya Rabi: Ban yarda a hana rana ɗaya ba. In aka toshe kwatsam, mutum ba zai buɗe sabon akwatin ba, WhatsApp zai koma. A ba da zango guda, a zauna a kowace tsangaya da tebur ana saita wa mutane a waya, a nan take a kunna musu tabbaci mataki biyu da manhaja maimakon saƙon tes, tunda layi yana ɓata kuma ana sace shi. Masu kula da tsarin su riƙe mabuɗin tsaro na USB, da asusun gaggawa biyu da kalmominsu ke kulle a ofishin darakta.

Malam Sani: Saura tsofaffin sabobi. Yaushe za a kashe?

Injiniya Auwal: Bayan mako guda a rufe tashar 25, ƙofar karɓar saƙo, daga waje, a bar su ana karantawa kawai daga cikin harabar jami'a har wata uku. Kafin a kashe a kwatanta adadin saƙo folda da folda, ba girma ba, don kowane tsari da yadda yake auna girma. A ɗauki cikakken kwafi biyu, a gwada dawo da akwati ɗaya daga kowanne. A sabon tsarin kuma wanda ya bar aiki a dakatar da asusunsa, kada a goge: Google kwana 20 yake ba ka ka dawo da wanda aka goge, Microsoft kwana 30.

Dokta Lawal: Waɗanda suka yi ritaya da ɗaliban da suka kammala fa? Farfesa yana da takardu a mujallu da wannan adireshin.

Hajiya Rabi: Mai ritaya a bar masa akwati da ƙaramin kaso, a cire shi daga rukunonin ma'aikata ranar da ya ajiye aiki. Ɗalibi a ba shi wata shida zuwa shekara bayan kammalawa, da tunatarwa uku, sannan a rufe. In ana yaye 5,000 duk shekara kowa da GB 2, TB 10 ke nan a shekara, kuma lissafin Injiniya TB 5 kacal ya rage.